Katin Hafiz

Fatakwal,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Sagir,

Assalamu alaikum. Yau shekara uku da wata huɗu rabona da Badafi, kuma takardarka ce ta farko da wani ɗan ƙungiya ya rubuto mini. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Dikko direba ya kawo mini ita nan kasuwar albasa inda nake gadi.

Ka ce an ba ka horar da ƙungiyar ƙwallonmu, Manoman Badafi, kuna na bakwai cikin ƙungiyoyi goma sha biyu, kana neman shawarar yadda za ku shiga sahun biyun da ke hawa rukuni na ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai. Shekara shida na riƙe ƙungiyar nan: na shida, na bakwai, na shida. Ba ma faɗuwa, ba ma hawa.

Ban manta ba, Sagir. Ranar da aka ci mu huɗu a Tudun Wada aka ce na sayar da wasa, kana tsaye a teburin mai shayi ba ka ce uffan ba. Kai ne kyaftin, ka san ban sayar ba. Amma ni ma ina da nawa laifin. Bakina ya yi zafi, na sha zagin 'ya'yan mutane a gaban iyayensu, shi ya sa da aka tashi jifana ba a rasa hannu ba.

Tunda ka tambaya, zan faɗa maka. Mai gadi ba ya rasa lokacin tunani, kuma na gano abin da ya hana mu hawa. Ba rashin gwanaye ba ne. Ka tuna ƙwallayen da ake zura mana, kusan duka a minti goma sha biyar na ƙarshe ne. Gasar tana faɗowa cikin damina, yaran suna gona, mutum bakwai ke zuwa atisaye, ran wasa kuma a haɗu kamar baƙi a tasha.

Ku koma gayya. Ku ashirin da biyu ne. Kowace safiya ku faɗa gonar mutum ɗaya, kafin azahar kun gama masa noman da zai ci masa sati. La'asar kowa yana fili, ba mai uzuri. Wanda ya yi huɗa kusa da kai tun safe, ba sai ka yi masa ihu ya rufe maka baya ba.

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki kada ka sa atisaye, rabinsu 'yan acaɓa ne, za su yi maka ƙarya kawai. 'Yan bayanka huɗu kada ka riƙa canza su. In kun fita waje, kunnen doki ba abin kunya ba ne. Ku tashi da wuri, ku tafi da ruwanku. Ku maimaita bugun kwana har ya gundure su. Kuma kyaftin kaɗai zai yi wa alƙalin wasa magana. Wannan na ƙarshen ni ban iya shi ba.

Ƙanena Hafiz yana hannunka. Shi kaɗai ya rage a gida da Inna. An riga an ɓata suna ɗaya a gidanmu, ya isa.

Ka riƙa rubutowa ta hannun Dikko. Kada ka turo mini saƙon murya. Na ga yadda muryata ta yi yawo a wayoyin Kiru wancan karon, an yanke mata kai da ƙafa.

Ka gai da Inna in ka bi ta gidan. Ka huta lafiya.

Maikano.


Badafi,
4 ga Agusta.

Zuwa ga Koci Maikano,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Inna tana lafiya, ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci.

Koci, maganar farko da ka yi na haɗiye ta, gaskiya ce. Allah ya huci zuciyarka.

Gayya ta yi aiki! Da farko sun yi mini dariya, Audu gola ya ce shi safar hannu aka ba shi ba fartanya ba. Da aka gama masa maimai cikin awa huɗu, mahaifinsa da ya hana shi ƙwallo bara shi ne yanzu yake tashinsa. Matan gidan da aka yi wa aiki su ke dama kunu. Jiya mutum ashirin suka zo atisaye. Wasa bakwai mun ci huɗu, kunnen doki uku, kuma biyu daga cikin nasarorin bayan minti tamanin muka same su. A Bebeji har wani ya yi ihu wai a duba mu, ƙila inji aka sa mana. Yanzu muna na huɗu.

Wani alheri kuma. Alhaji Ghali, mai sayen masara a Ƙafin Maiyaki, ya ga muna tashi ya shigo. Ya ɗinka mana jesi, ya ba mu bas ɗinsa, an naɗa shi shugaban ƙungiya. Ya kawo mana wani ɗan gaba daga birni, dogo, ana ce masa Sani Wuta. Koci, in ka ga yaron nan ya juya da ƙwallo sai ka cire hula.

Ya zo a kan gaɓa kuwa, don Hafiz ya sari ƙafarsa da fartanya a gonar su Audu. Kada hankalinka ya tashi, Alhaji da kansa ya kai shi asibiti a motarsa, an yi ɗinki, yana samun sauƙi.

Allah ya bar zumunci. Naka,

Sagir.


Fatakwal,
13 ga Agusta.

Sagir,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gayya, kuma aikinka ne, ni a takarda kawai na faɗa. Allah ya ƙara wa Hafiz sauƙi.

Tambaya ɗaya. Kwamitin gasa yana rufe rajistar 'yan wasa tun kafin wasan farko, sai dai in an canza doka bayan tafiyata. To wannan Sani Wuta, da katin wa yake shiga fili? Shi ma yana zuwa gayya?

Na kira Hafiz sau uku. Ya ɗauka sau ɗaya, ya gaishe ni kamar baƙo, ya ce caji zai ƙare.

Ka ba ni amsa a rubuce. Ka huta lafiya.

Maikano.


Badafi,
15 ga Satumba.

Koci,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Na jinkirta amsa don ban san ta inda zan fara ba.

Da katin Hafiz yake bugawa. An ɓare hoton an manna na Sani.

Ga yadda aka yi. Alhaji ya same ni a bakin fili ya ce, "Koci, lamba tara tana kwance, kati yana kwance, ga ƙafa tana neman aiki. Ina matsalar?" Na ce doka fa, Alhaji. Ya ce, "Wace doka? Jami'in da ke duba hoto daga nesa kamar mai neman jinjirin wata? Wasa biyu ne kawai, kafin yaro ya warke." Muka je gidanku tare. Hafiz yana kwance da ƙafa a naɗe, ga mutumin da ya kai shi asibiti zaune a kansa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya nuna mana aljihun rigar da katin yake. Ni na zaro shi da hannuna, ni na kai wa mai hoto.

Wasa biyun sun zama shida. Sani ya ci ƙwallo takwas. Hafiz ya warke tun sati uku da suka wuce, amma ba dama ya shiga, ba za a ga Hafiz biyu a fili ɗaya ba. Yakan zauna bayan raga. Garin duka ya sani. In Sani ya ci sai a ɗauki ihu, "Hafiz! Hafiz!" ana dariya ana waiwayensa. Ran Asabar Audu ya ce masa, "Ango, yau ma ka ci biyu ba ka ko yi gumi ba." Ya yi murmushi ya tashi ya tafi.

Sani ba ya zuwa gayya. Ya ce shi bai zo ƙauye kama fartanya ba. Wasu sun fara koyi da shi, jiya mu goma sha uku muka je.

Amma Koci, muna na biyu! Maki ɗaya muka ba ƙungiyar Ƙofa da ke bin mu. Saura wasa biyu, na ƙarshen a Doguwa da masu jan teburin. In mun haye, shekara mai zuwa a yi wa Sani rajista da sunansa, Hafiz ya karɓi abinsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ka yi mana addu'a. Naka,

Sagir.


Fatakwal,
23 ga Satumba.

Sagir,

Wa alaikumus salam. Ba zan zage ka ba, na daina.

Kun kai na huɗu da yaran da ke noma tare. Da an yi haƙuri, ko bana ko baɗi, da kun hau da ƙafarku. Yanzu kowace ƙwallon da yaron nan ya ci igiya ce ake ƙara wa wuyan ƙanena, don sunansa ne a takardar alƙali, ba naka ba, ba na Alhaji ba.

Ka ce Doguwa? Kai ba ka da hankali ne, ko mantuwa ce? Ramla matar Hafiz 'yar ina ce? A ƙofar gidan mahaifinta Malam Bashir aka ɗaura auren, a tsakiyar Doguwa. Kai ma ka halarta, na ga hotonka. Mutanen da suka ci goron auren nan su ne za su cika bakin fili.

Kada ka sa Sani. Ka mayar wa Hafiz hotonsa, ko ka buga ba ɗan gaba, ka tsare gida ka nemi kunnen doki. In Alhaji ya yi fushi ya ɗauke bas ɗinsa, da can ma a bayan akori-kura muke zuwa.

Mutanen Doguwa ba masu hayaniya ba ne. Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro.

Allah ya kiyaye hanya.

Maikano.


Badafi,
14 ga Oktoba.

Koci,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso kwana huɗu kafin wasan. Na nuna wa Alhaji, ya ce, "Mutumin da aka ci huɗu shi zai koya mana?" Muka yanke a bar Hafiz a gida don kada a gan shi. Muka ce Malam Bashir alaramma ne, bai taɓa taka filin ƙwallo ba. Muka horar da Sani cewa duk wanda ya kira Hafiz ya amsa nan take.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, suruki ba ya shiga gari a bar shi da yunwa. Motar shela ta zaga Doguwa tana karanta sunayen 'yan wasa, Malam ya ji. Muna cikin ajin firamare muna sa kaya, jami'in wasa yana tsaye da katunanmu a hannu, sai ga sallama. Malam ne da ƙannensa biyu, ɗauke da kwanukan tuwon shinkafa da kaji.

Ya ce, "Ina Hafiz?"

Sani yana ɗaure takalmi. Ya miƙe ya ce, "Ga ni, Baba. Ya garin?" Ya miƙa masa hannu. A tsaye, Koci. Ko rusunawa bai yi ba.

Malam bai karɓi hannun ba. Ya dube shi tun daga ƙasa har sama, ya dubi jami'in, ya dube ni. Sai ya ce, "Madalla. Ka ƙara tsawo." Ya sa aka ajiye kwanukan, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Ba wanda ya iya taɓa abincin.

Alhaji ya ce a ci gaba, sunan ya riga ya shiga takarda. Mun ci ɗaya da nema, Sani ne ya ci. Ba wanda ya jefe mu, ba wanda ya zage mu. Suka dare gida biyu suka ba bas ɗinmu hanya suna kallonmu kawai. Har muka wuce dajin Falgore ba wanda ya yi waƙa. A hanya muka ji an ci Ƙofa. Ko da mun sha kashi, da mun haye.

Washegari Doguwa suka kai ƙara. Malam kuma ya aiko a kai masa Ramla, ya ce sai ya san wanda ya ba 'yarsa.

Kwamiti zai zauna ran 30 ga wata a Tudun Wada. In laifin ɗan wasa ne shi kaɗai, wasan Doguwa kawai za a ƙwace, mu hau a na biyu. In da hannun ƙungiya, duk wasannin Sani sun tafi. Alhaji ya shirya magana: Hafiz ya bar ƙungiya da ya ji rauni, ya sayar wa Sani katinsa, mu ba mu sani ba. Na ce wa zai yarda? Ya ce ba wanda za a yarda da shi ake nema ba, wanda za a ɗora wa ake nema.

A gari kuma ana cewa Hafiz ne ya tsegunta wa surukansa saboda hassada. Ran Talata layin gonarsa ne a girbi. Ba wanda ya je. Da ya isa ya tarar an sassare masa dawa kunya shida.

Koci, takardar da na rubuta maka a Satumba, don Allah ka ƙona ta. Shekara ashirin garin nan yake jiran wannan hawan.

Sagir.


Fatakwal,
21 ga Oktoba.

Sagir,

Wa alaikumus salam. Ban ƙona ba.

Na san abin da ke biyo bayan saran dawa. Ni da kaji aka fara mini, sannan dutse a kan kwano, sannan liman ya kira ni gefe ya ce ko zan ɗan yi nisa har ƙura ta lafa. Ka ga inda ta kai ni.

Na so in taho da kaina. Amma in na tsaya gaban kwamiti za a ce maci amanar farko ya zo kare na biyu. Don haka takardarka ce za ta je. Na sa ta a ambulan na liƙe, Dikko zai damƙa wa Hafiz hannu da hannu. Na aika wa Hafiz ya bar ta a aljihu har sai an tambaye ka. In ka faɗi gaskiya da bakinka, ya dawo maka da abinka ba a buɗe ba.

Na san abin da nake rushewa. Ni na share filin nan da hannuna, ni na kafa turakun farko. Na kuma san kai ba mugu ba ne, tsoron taro ne da kai. Wannan karon ka zaɓi wanda za ka ji tsoro.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Maikano.


Badafi,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Inna tana gaishe ka. Ka yafe mini shirun da na yi, kunya ce.

An yi zaman. Alhaji ya fara magana, ya ce bai taɓa sanin fuskata ba. Mutumin da ya riƙe ƙafata ana ɗinki. Aka juya kan Koci Sagir aka ce, ka san an canza hoto? Ya ce bai sani ba. Yaya, nan na miƙe. Na ciro ambulan ɗin na ɗora a tebur. Shugaban zaman ya kai hannu zai yage, sai Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an buɗe ba. Ni na rubuta. Ni na zaro katin a aljihunsa yana kwance." Ya faɗi komai. Alhaji ya tashi ya fita ba sallama.

An ƙwace duk wasannin da Sani ya buga, an mayar da ƙungiya rukuni na uku. Koci shekara biyar ba shi ba ƙwallo. Ni shekara ɗaya, don na ga ana yi na yi shiru. Ban yi musu ba. Alhaji ya aiko an karɓe jesi da bas.

Malam Bashir yana zaune a bayan ɗakin tun farko. Da aka tashi na je na durƙusa. Ya ce, "To, wannan na gane shi." Jiya ƙaninsa ya kawo Ramla.

Amma garin ba daɗi. In na doso teburin mai shayi sai hira ta mutu. An rubuta mana wata kalma a bangon zaure, na goge kafin Inna ta gani. Ran Asabar dai mutum tara sun zo mun girbe sauran dawar, har da Audu. Ba su yi magana sosai ba, amma sun zo.

Yaya, ko akwai aiki a wajenku? Ko dako ne zan iya.

Ƙaninka mai biyayya,

Hafiz.


Fatakwal,
11 ga Nuwamba.

Hafiz,

Wa alaikumus salam. Aiki akwai, amma ba naka ba. Ni da na tashi barin gari ba wanda ya zo gonata. Kai mutum tara sun zo. Ka zauna. Ka je teburin mai shayin kullum, ka yi sallama da ƙarfi, har su gaji su amsa. In layin gonar Sagir ya zo, ka riga kowa zuwa.

Ka gai da Inna da Ramla. Allah ya sa mu gana.

Ƙungiya ta faɗi, na sani, kuma da hannuna a ciki. Abin da na iya tsirar da shi daga nan inda nake ga shi: sunanka, aurenka, 'yan wasa tara, da namiji ɗaya a gidanmu. Huɗu ke nan, daidai da waɗanda aka ci ni a Tudun Wada.

Yayanka,

Maikano.